Ina so in zaunar da motata ƙasa a gida, Yaya yace ban isa ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28 a nan cikin garin Katsina, sana'ar waya nake. Bara na sayi Scion FR-S ta 2013 'yar Kwatano, kuɗina basu kai ba sai Yayana ya cika mani kusan kashi ɗaya cikin uku akan in riƙa biyanshi a hankali, har yanzu ban gama ba. Tun kafin in saye ta burina shine in sauke ta ƙasa ta zauna irin yadda nake gani a Instagram, taya ta shige cikin bodi. Wani abokina yace ba sai na kashe kuɗi ba, ranar Lahadi zai zo da giranda mu kwance sifirin mu yanke zagaye bibbiyu a ƙofar gida, yace yayi ma motoci da yawa. Da Yaya yaji sai ya hau ni da faɗa a gaban Hajiya wai ban isa ba, in na taɓa motar to in biyashi kuɗinshi a ranar. Hajiya ita ma ta goyi bayanshi, tace ita dama motar nan bata kwanta mata ba. Yau sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ga bikin babban abokina saura wata ɗaya kuma na riga na faɗa ma abokai zasu ga motar ta canza. Ni dai gani nake motata ce, sunana ne a takarda. Dan Allah in yi abina ko in haƙura?" Daga wani matashi, Katsina.

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu je ko'ina, ka kira abokin nan naka yau ɗin nan kace mashi ya bar girandarshi a gida ranar Lahadi. Duk sauran maganganun da ke cikin wasiƙarka ana iya zama a daidaita su, amma yankan sifirin kam bani da wani sassauci a kanshi, ko da ace Yaya da Hajiya sun sa maka albarka akan kayi, ni zan ce kar kayi.

Kuma kar ka ɗauka ina cikin masu ganin son mota shirme ne. Saurayi ya tara guminshi ya sayi abin da ranshi ke so, ya wanke ya goge yana so ta fita daban a cikin tsara, wannan ba laifi bane, kuma motar da ka zaɓa ba ta banza bace. Toyota da Subaru ne suka haɗa hannu suka ƙera ta, ta fito a 2012, a Amurka aka sa mata Scion FR-S, a wasu ƙasashen Toyota 86, ita kuma Subaru ta kira tata BRZ. Injinta irin kwantaccen nan ne na Subaru wanda aka dasa can ƙasa don nauyin motar ya zauna kusa da kwalta, shi yasa take riƙe kwana yadda take riƙewa. Abin da nake so ka lura dashi shine tun daga kamfani a zaune ta zo. Tsakanin cikinta da ƙasa wajen milimita 125 ne kawai, wato bata kai inci 5 cikakku ba. To mu ƙaddara kun yanke ta sauka milimita 50, saura 75 kenan. Ciro katin ATM ɗinka ka tsayar dashi a tsaye a ƙasa, tsawonshi ya ɗan haura milimita 85, kaga kenan ko katin ba zai shige ƙarƙashin motarka a tsaye ba. Da wannan tazarar zaka bi layin gidanku, ka hau kwalbatin ƙofar gida, ka haye tudun rage gudu da ake zubawa a unguwanni wanda kowa ke yin nashi yadda yaga dama babu awo, ka shiga ruwan watan Agusta da ke rufe rami baka san zurfinshi ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke faruwa in an yanke sifirin, don ba na so ka bari saboda ni na hana, ina so ka bari saboda ka gane. Sifirin ɗin nan an auna tsawonshi da taurinshi ne daidai da shok ɗin da ke cikinshi. Da zarar ka rage zagaye sai ya gajarce kuma ya ƙara tauri, shi kuma shok ba'a yi shi don wannan taurin ba, sai motar ta koma tsalle tsalle ko a kan hanya mai kyau. Tafiyar da shok ke yi sama da ƙasa ta ragu, ƙaramin rami ma sai kaji gum ya kai ƙarshe ya daki robar da ke tare shi, a haka a haka har ya fara yoyon mai ya mutu. Sannan bakin sifirin an lanƙwasa shi ne ya zauna daram a mazauninshi, in aka datse bakin ba zai zauna daidai ba, kuma tunda ya gajarce, ranar da taya ta saki ƙasa gaba ɗaya kamar in ka haye tudu da gudu ko ka faɗa rami, yana iya gocewa daga mazauni. Sifirin da ya goce yana iya yaga taya ko ya taɓa tiyon birki. Motarka kuma da tayoyin baya take ja, in bayanta na tsalle tayoyin na rabuwa da kwalta a tsakiyar kwana, juyawa zata yi da kai, kuma ba a cikin gari da kake tafiya a hankali abin zai nuna ba, sai ranar da ka miƙe hanyar Daura ko ta Kano kana kan 120. Ga shi kuma yankan ido ne, dama da hagu basa taɓa zuwa daidai, babu wanda zai iya ce maka ga yadda zata sauka sai an sauke jak an gani, in yayi yawa kuma shikenan ba'a mayarwa. Wasu ma ba yanka suke ba, wutar walda suke hura ma sifirin har yayi laushi motar ta zauna, wannan ya fi muni don wutar na kashe ƙwarin ƙarfen ne, zai ci gaba da lotsawa wata rana ya karye. Araha bata ado ƙanena, kuɗin da zaka ce ka tsira dasu a shok da taya da bamba zasu fita, kuma kayan wannan motar ba irin na Corolla bane da zaka shiga kowane shago ka ɗauka.

Abokin naka ban ce mugu bane, na fi zaton so yake ya taimake ka kuma ya nuna ya iya. Amma "nayi ma motoci da yawa" ba hujja bace, ka tambaye shi motocin suna ina yanzu, masu su sun ci gaba da hawa a haka ko sun koma sun sayi wani sifirin. Ka gode mashi cikin mutunci, kace ka canza shawara zaka sayo kayan da aka yi don aikin, in yana so yazo ya kama maka ranar ɗaurawa.

Sai maganar Yaya, wadda a wajena ita ce asalin abin da ya sa ka rubuto, don da motar ce kawai damuwarka da bakanike ka nufa. Kace sunanka ne a takarda, gaskiya ne, motarka ce. Amma mutumin da ya zaro kuɗi ya cika maka kuma har yau baka gama biya ba, yana da bakin magana akan duk abin da zai rage darajar motar, domin in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kasuwa ta juya ko wata lalura ta taso, motar nan ita ce abin da za'a sayar a fitar mashi da haƙƙinshi. Kuma kai ɗan kasuwa ne ka sani, wayar da aka buɗe aka yi mata aikin gida ba kuɗinta ɗaya da wadda ba'a taɓa ba, dillalan mota ma durƙusawa suke su leƙa ƙasa, suna ganin yankakken sifirin zasu fara zabge kuɗi. Akwai kuma abin da bai faɗa ba amma ina jin shi a cikin faɗan nashi, wato mutum na binka bashi sai yaji kana shirin kashe kuɗi wajen ƙawa, dole ranshi ya sosu ko da shi mai haƙuri ne. Inda nake ganin bai kyauta ba shine yi maka tsawa a gaban Hajiya da cewa baka isa ba, kai ba yaro bane, shekara 28 kana riƙe da sana'arka, da ya jawo ka gefe kun yi magana ta manya. Na san wannan kalmar ce ke ci maka rai fiye da komai, kuma ina tsoron kar ta zama ita ce zata tura ka ka yanke don kawai ka nuna ka isa. Dan Allah kar ka yi ma motarka illa don ka rama magana.

Hajiya kuma ba tsayin mota ne a gabanta ba, ita bata san milimita ba. Abin da take gani shine ƙaramar mota mai ƙofa biyu mai ƙara, ga biki na zuwa, kuma duk uwa a garin nan ta san irin wasan mota da samari ke yi a rakiyar ango da ɗaukar amarya da abin da yake jawowa. Tsoro ne irin na uwa, kuma maganinshi ba bayanin sifirin bane. Ka same ta ita kaɗai bayan Isha'i ka zauna a ƙasa ka ce mata Hajiya na fasa yankan nan, kuma nayi maki alƙawari ba zan yi wasa da mota a bikin nan ba, sannan ka riƙe alƙawarin ko da abokai zasu yi ta zuga ka.

Shi kuma Yaya kai zaka je, kai ne ƙarami, sati biyu yayi yawa. Ka same shi a gidanshi ba a gaban kowa ba, ka fara da cewa maganar yanka ka bar ta kuma ka gane yana da gaskiya a nan. Ka zo da lissafi a rubuce, ga abin da na biya ga abin da ya rage ga abin da zan riƙa kawowa duk ƙarshen wata. In kana da wani abu a hannu ka ɗora mashi a ranar ko yaya yake. Bayan nan ne, in kaga fuskarshi ta saki, zaka ce har yanzu kana da sha'awar sauke motar kaɗan amma ta hanyar da ake iya mayarwa, da kayan kamfani, kuma ba zaka taɓa ba sai ka gama biyanshi ko shi da kanshi yace kaje kayi. A ƙarshe kana iya faɗa mashi a hankali cewa faɗan gaban Hajiya yayi maka zafi. Ka faɗa sau ɗaya ka bari, kar ka tsaya jiran sai ya baka haƙuri, manyanmu da yawa ba da baki suke bada haƙuri ba, a aikace zaka gani.

To in an kai wannan gaɓar, ga yadda ake yi. Farko ka gano ma a ina motar take yanzu. Mota ce da ta haura shekara 10, ta yiwu sifirin ya riga ya ɗan lotsa, ta yiwu ma wanda ya hau ta a Amurka ya riga ya canza su, don irin motocin da samarin can ke yawan taɓawa ne. Ka ajiye ta a kan siminti mai daidai, iskar taya daidai, ka sa tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a duka tayoyi huɗu ka rubuta. Ka leƙa da fitilar waya ka ga ko sifirin na da launi ko rubutun wani kamfani, ka shafa jikin shok ka ji ko akwai danshin mai. In shok ya mutu to shi ne farkon abin sayen, ɗora sabon sifirin kan mataccen shok ɓarnar kuɗi ce.

Sannan kayi wannan gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ka samu soso mai tauri ko ka ninka kwali yayi kaurin milimita 30, ka manna shi da salatif a ƙarƙashin leɓen bambar gaba, wani kuma a tsakiyar motar ta gefe inda ba zafin salansa. Kayi sati kana zirga zirgarka yadda ka saba, gida zuwa shago, gidan Yaya, masallacin Juma'a, gidan mai, ka bi ta Ƙofar Ƙaura ka bi ta Ƙofar Kwaya, ka shiga lungun da kake shiga zance in akwai. Duk inda kaji kwalin ya gurza ko ka dawo ka tarar ya yage, to nan ne bamba ko salansa ko kaskon baƙin mai zasu riƙa daka in ka sauke. Wannan kaskon shi nafi ji, in ya fashe mai ya tsiyaye baka lura ba inji ne zai tafi gaba ɗaya. In kwalin bai kai sati ba hanyarka ta riga ta baka amsa, kuma ni da zaka bi tawa, a titunanmu barin wannan motar a tsayinta na kamfani shi ya fi, ka sa kuɗin a taya masu kyau da sabon shok da birki, zaka ji canjin a hannunka fiye da yadda zaka ji na saukewa.

In kuma kwalin ya tsira kuma ranka na nan a kai, hanya mafi sauƙi ita ce sifirin da aka ƙera musamman don saukewa, na kamfanoni irin su Eibach da H&R da Tein, wanda aka rubuta na wannan motar ne, yawanci suna saukewa tsakanin milimita 25 zuwa 35, kai ka nemi mafi ƙanƙanta. Sama dashi akwai wanda ake kira koyiloba, shok da sifirin a haɗe da zare a jiki wanda kake murzawa ka ɗaga ko ka sauke, ya fi tsada amma amfaninshi a wajenmu shine da damina ka ɗaga abinka. Sai dai ƙurar hunturu na cushe zaren ya ƙi murzuwa in ba'a wankewa, kuma duk sanda ka canza tsayi sai an sake alaimen, wato saitin tayoyi. Na iska mai kwamfireso ka manta dashi, tsada da yawan gyara. Kayan nan ko dai ka sa a nemo maka a Ƙofar Ruwa a Kano ko kayi oda daga waje, ka duba lambar kayan da kyau don jabu sun yi yawa, kuma tsofaffin sifirin ɗinka ka ɗaure su ka adana, su ne hujjarka a wajen Yaya da wajen mai saye cewa ana iya mayar da ita yadda take.

Maganar yi a gida kuma, ana yi, amma ba a ƙofar gida kan rairayi ba. Sai kan siminti, a sa birkin hannu a tare tayoyi, a ɗaga da jak sannan a ɗora motar kan ƙafafun ƙarfen nan da aka yi don haka. Kar ka kuskura ka sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo ba abin dogaro bane, farfashewa yake ba tare da ya baka alama ba. Wuri mafi hatsari shine raba sifirin da shok, don a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da nauyin mota, in aka kwance notin sama ba'a riga an matse shi da abin matse sifirin ba, fitowa zai yi kamar harbi kuma fuskar mai kwancewa ce a saitin. Ba'a ɗaure shi da igiya ko waya ace an matse. Shawarata in kana son ka sa hannunka a aikin, ka kwance shok ɗin gaba ɗaya da sifirin a jikinshi, ka kula da tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, kar su ja, ka kai ma bakaniken da ke da abin matsewa ya canza maka, ka dawo ka ɗaura. Notukan da ke ratsa bushin roba kar ka ƙarasa ɗaure su motar na sama, sai ta sauka nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar zata murɗe ta yage da wuri. Awon ƙarfin ɗaure notin taya na wannan motar 120 Nm ne, ka aro sufana mai awo kar a hau da ƙafa. Bayan kwana kaɗan sifirin ya gama zama sai ka kai alaimen na kwamfuta, wannan dole ne, don saukewa na sa kan tayoyi ya kwanta ciki su riƙa cinyewa ta gefen ciki inda ido baya gani, kuma ita wannan motar daga kamfani bata zo da wurin gyara wannan kwanciyar ba sai an ƙara wasu noti na musamman a gaba, wani dalilin kenan na kar ka wuce milimita 25 zuwa 30. Ka sa a duba saitin fitilun gaba, in kuma kana da inshora babba ka sanar dasu canjin da kayi.

Saura biki. Wata ɗaya ba zai ishe ka ka shirya da Yaya, ka rage bashi, kayi oda kaya su iso, a ɗaura a yi alaimen ba, kuma aikin ƙafar mota ba'a yinshi a gurguje don wata rana. Na san ka riga ka yi ma abokai baki kuma janyewa na da nauyi, amma ka ce masu kawai ka fasa yanka zaka sa na kamfani bayan biki, duk wanda ya san mota a cikinsu zai ce kayi daidai. Ka kai ta a wanke a yi mata folish, a gyara duk wani ƙwarzane a bamba, ka shiga ayarin a haka, FR-S ko a tsayinta na kamfani ba kowa ke da ita a Katsina ba. In ka je wajen Yaya ka ɗauki tef ɗin awon da kwalin ka nuna mashi gwajin da kake yi, in ya yarda ma ku zagaya tare shi ya tuƙa, sannan ka rubuto mani yadda kuka ƙare da shi da kuma awon da ka samu a tayoyi huɗun, daga nan sai mu duba ko akwai abin saukewa ma ko babu.